Ginin majalisar Malta: yadda aka gina shi, nawa ya ci, da abin da ake jayayya a kai

Ranar 4 ga Mayun 2015 'yan majalisar dokokin Malta suka fito daga tsohuwar fadar da ke tsakiyar birnin Valletta, suka taka a ƙafa har bakin ƙofar gari, inda shugabar ƙasa Marie-Louise Coleiro Preca ta buɗe musu sabon gini. A ranar ce majalisar ta fara samun zauren da aka gina domin ita kaɗai, shekara 94 bayan kafa ta. Abin da ke ɗaure wa mai bin labarin kai shi ne, jam'iyyar da ta yi bikin buɗewar ita ce ta fi kowa sukar aikin lokacin da take adawa. Firaministan da ya kawo shi kuwa, Lawrence Gonzi, ya riga ya sha kaye a zaɓe shekara biyu kafin nan. Har yau idan aka ambaci ginin a Malta, wani zai ce shi ne mafi kyawun abin da aka gina a tsibirin tun bayan yaƙin duniya, wani ya ce ɓarnar kuɗi ce da aka dasa a ƙofar birni mai tarihi.

Yawancin ruɗanin ya samo asali ne daga cakuɗa tambayoyin da ba ɗaya ba: ko majalisar na buƙatar gida, ko wurin da aka zaɓa ya dace, ko kuɗin ya yi yawa, da kuma ko ginin ya cika alkawarin da aka yi wa jama'a. Kowace da amsarta.

Ƙaramin birni cikin ganuwa

Malta tsibirai ne ƙanana a tsakiyar Bahar Rum, kudu da Sisili, arewa da Libiya. Faɗin ƙasar gaba ɗaya murabba'in kilomita 316 ne, kuma ƙidayar 2021 ta nuna mutanenta sun ɗan haura dubu 519. Masu bin labaran Afirka za su tuna sunan babban birninta, Valletta, daga taron shugabannin Turai da na Afirka kan ƙaura da aka yi a can cikin Nuwamban 2015.

Valletta birni ne da aka gina don yaƙi. A 1530 Sarki Charles na Biyar, mai mulkin Sifen da Sisili, ya miƙa tsibirin ga mayaƙan ƙungiyar Saint John. A 1565 rundunar Turkawa ta yi musu ƙawanya ta kusan wata huɗu ba ta ci nasara ba, kuma shekara guda bayan haka shugaban mayaƙan, Jean de Valette, ya aza harsashin sabon birni a kan wani tsirin dutse da ruwa ya kewaye ta gefe uku. Injiniyan soja ɗan Italiya, Francesco Laparelli, shi ya tsara shi da miƙaƙƙun tituna masu gitta juna. Gefen da ke haɗe da tudu aka tare da ganuwa mai kauri, aka sassaƙa gwalalo mai zurfi cikin dutse a gabanta, aka bar babbar ƙofa da gada.

Birnin bai kai murabba'in kilomita ɗaya ba, kuma tun 1980 hukumar UNESCO ta sa shi dungurungum cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Ma'anar wannan ga duk mai son yin gini a ciki ita ce babu fili sakakke. Duk inda aka sa diga, sai an taɓa wani abu da wasu ke ƙauna.

Shekara 94 a gidan aro

Faransawa ƙarƙashin Napoleon sun kori mayaƙan Saint John a 1798, Birtaniya ta karɓi tsibirin a 1800. Ranar 7 ga Yunin 1919 aka yi bore a Valletta kan tsadar rayuwa, musamman burodi, sojojin Birtaniya suka buɗe wuta, mutum huɗu suka mutu. Wannan ya gaggauta ba Malta ikon tafiyar da harkokinta na cikin gida a 1921, tare da majalisa mai zaure biyu. An soke zauren dattawa a 1949, saboda haka majalisar yau zaure ɗaya ce, ta wakilai.

Tun ranar farko a fadar shugabannin mayaƙan Saint John aka zaunar da majalisar, wato gidan da gwamnan Birtaniya ke aiki a ciki. Ɗakin da aka ba ta shi ne wanda aka lulluɓe bangonsa da manyan dardumomin saƙar Gobelins ta Faransa, waɗanda aka kawo tun farkon ƙarni na 18. Nan ta zauna har aka samu 'yanci a 1964, har ƙasar ta zama jamhuriya a 1974. A 1976 aka mayar da ita wani dogon zaure a cikin fadar, wanda asalinsa ma'ajiyar makaman mayaƙan ne. Domin a samar wa 'yan majalisa wuri, sai aka kwashe sulke da takubba da bindigogi masu shekaru ɗaruruwa aka sauko da su ƙasa, inda a da bargar dawakai ce.

Daga nan hujjar masu neman sabon gini ta fito, kuma hujja ce mai ƙarfi. A lokacin majalisa na raba gida da ofishin shugaban ƙasa. Ofisoshi da ɗakunan kwamitoci sun yi kaɗan. Sannan ɗaya daga cikin manyan tarin makaman tarihi na Turai ya rasa mazauninsa na asali. A kan wannan batu ba a yi wata jayayya mai tsawo ba. Inda aka rabu shi ne, wasu na ganin a gyara wani tsohon gini da ke zaune babu aiki, kamar sansanin Fort St Elmo da ke ƙarshen birnin, maimakon a tayar da sabo.

Raunin da yaƙi ya bari a ƙofar gari

Ba a iya fahimtar zaɓen wurin sai an san halin da mashigar Valletta ke ciki kafin 2010. Abubuwa uku ne a jere, kuma kowanne na da nasa ciwon.

Na farko ƙofar ce kanta. An gina ta farko a shekarun kafa birnin, aka sake ta a 1633, Turawan Birtaniya suka faɗaɗa ta a 1853, sannan a 1964 aka rushe tasu aka gina ta huɗu, wadda ɗan Italiya Alziro Bergonzo ya zana, mai faɗin da zai ɗauki zirga-zirgar zamani. Wanda ya san yadda faɗaɗa hanya ya yi ta cin ƙofofin ganuwar Kano zai gane labarin. Ƙofar Bergonzo ba ta taɓa shiga ran mutanen Malta ba.

Na biyu gidan wasan kwaikwayo da waƙe-waƙe na Royal Opera House, wanda Edward Middleton Barry ya zana aka buɗe a 1866. Gobara ta cinye cikinsa a 1873, aka gyara. Ranar 7 ga Afrilun 1942 jiragen yaƙin Jamus suka yi masa luguden bama-bamai. Gwamnatoci sun zo sun wuce, kowace da alkawarin sake gina shi, amma kangon ya zauna fiye da shekara 60, har aka riƙa ajiye motoci a cikinsa.

Na uku filin da ke tsakanin ƙofar da kangon. A da akwai gidaje a wurin, kusa da tashar jirgin ƙasan Malta wanda ya yi aiki daga 1883 zuwa 1931. Bayan ɓarnar yaƙi aka share wurin, aka kewaye shi da rumfunan shaguna, aka raɗa masa suna Dandalin 'Yanci. A yawancin ranakun shekara wurin ajiye motoci ne. A lokacin kaniba kuwa, wato bikin shekara-shekara na fareti da shigar ban dariya, nan ake raye-raye.

Wato abin da baƙo ke fara gani idan ya shigo babban birnin ƙasar shi ne ƙofar da masu garin ba sa so, da dandalin motoci, da kango.

Zuwan Renzo Piano sau biyu

Renzo Piano ɗan birnin Genoa ne na Italiya, an haife shi a 1937. Shi da Richard Rogers suka zana cibiyar Pompidou ta Paris, shi ya zana dogon benen Shard na Landan, kuma ya karɓi lambar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a fagen zanen gine-gine, a 1998. Gwamnatin Malta ta fara neman sa kan mashigar Valletta cikin shekarun 1980. Ya kawo zane, aka yi masa ca, aka ajiye maganar a farkon shekarun 1990.

A 2008 gwamnatin jam'iyyar Nationalist ta Gonzi ta sake komawa wurinsa. Niyyarta ta farko ita ce a ɗora majalisar a kan kangon gidan wasan. Piano ya ba da wata shawara: a gina majalisar a Dandalin 'Yanci, a bar kangon yadda yake a mayar da shi dandalin wasanni marar rufi, a rushe ƙofar Bergonzo. An nuna wa jama'a zanen ranar 27 ga Yunin 2009. A ƙarshen 2010 aka fara rushe shagunan dandalin, a 2011 ƙofar ta faɗi, aka shiga gini.

Ya kamata a riƙe wannan: aikin guda ne mai sassa uku, ƙofa da gidan wasa da majalisa. Sau da yawa idan ana maganar kuɗin majalisar, adadin aikin gaba ɗaya ake ambata. Haka nan wani ɓangare na fushin da ya faɗa kan majalisar, asalinsa fushin rashin sake gina gidan wasan ne.

Ginin kansa

Mai shigowa daga waje zai bi gada da aka tsuke ta koma kusan faɗinta na 1633, ya ratsa wata tsaga mai faɗin mita 8 a jikin ganuwa. Ba baka, ba rufi, sama a buɗe take. An saka faifan ƙarfe tsakanin tsohon dutse da sabo domin ido ya bambance abin da aka gada da abin da aka ƙara. Ta kowane gefe akwai faffaɗan matakala da ke hawa kan ganuwar. Da an shige, majalisar na hannun dama.

Gini biyu ne manya da aka haɗa da gadoji a sama, da tsakar gida a tsakaninsu wadda ita ce mashiga. Na ɓangaren arewa shi ke ɗauke da zauren muhawara. Na kudu kuma ofisoshi ne, ciki har da na firaminista da na jagoran 'yan adawa. An bar tazarar da ke tsakaninsu da gangan domin mai tsaye a babban titin Republic ya ci gaba da hango tsohuwar hasumiyar tsaro ta St James da ke bayansu.

Abin da ya fi jan ido shi ne yadda ginin ke tsaye. Daga nesa dutse ne zalla, mai nauyi, launin zuma irin na sauran birnin. Amma hawan ƙasa an janye shi ciki an kewaye shi da gilashi, sai siraran ginshiƙai ke riƙe da abin da ke sama, har ya zama kamar tulin dutsen bai taɓa ƙasa ba. Sirrin shi ne ƙashin ginin ƙarfe ne, dutsen riga aka sa masa. Manufar Piano ita ce mai wucewa ya ga cikin majalisarsa, ya bi ta ƙarƙashinta, hawan ƙasa ya zama wurin nune-nune da kowa zai shiga. A can ƙasa kuma aka haɗa ginin da wani lambu da tsohon ramin jirgin ƙasa.

Dutsen na gida ne. Malta na da dutsen farar ƙasa iri biyu da ake gini da su: mai laushi, wanda aka gina yawancin Valletta da shi, da mai tauri. Mai taurin aka haƙo daga tsibirin Gozo, aka loda a jirgin ruwa zuwa Italiya, injunan da kwamfuta ke sarrafawa suka yanka kowane guntu da siffarsa, aka dawo da su Malta aka jera. Idan mutum ya matso kusa da bangon zai ga ba shafaffe ba ne. A wuraren tagogi, duwatsun sun fito waje kamar haƙora, kowanne da karkatarsa, wasu a gicciye, wasu sun nutse. An lissafa karkatar ne da tafiyar rana, domin haske ya shiga ofis amma zafin rana kai tsaye ya tsaya a waje, wanda ke ciki kuma ya iya leƙen titi. Siffar ta samo asali daga abin da iskar teku mai gishiri ke yi wa tsofaffin bangayen Malta, inda take cin dutsen ta bar shi da ramuka. Saboda wannan fuska ne masu suka suka laƙaba wa ginin sunan magogin cuku, sunan kuma ya bi shi.

Batun zafi ba ƙaramin abu ba ne a tsibirin da ba shi da man fetur ko kogi. An haƙa rijiyoyin burtsatse 40 a ƙarƙashin ginin, kowace zurfin mita 140, wato kusan mita 100 ƙasa da matakin teku. A wannan zurfi yanayin dutsen ba ya canjawa sosai tsakanin bazara da hunturu, don haka ruwan da ke zagayawa cikin bututu yana kai zafin ginin ƙasa a lokacin zafi, ya ɗebo ɗumi a lokacin sanyi. A kan rufin akwai farantan sola masu faɗin murabba'in mita 600. Lissafin ofishin Piano shi ne tsarin zai samar da kashi 80 cikin 100 na makamashin ɗumama ginin da kashi 60 na sanyaya shi. Wannan lissafin masu zane ne, ba sakamakon awo bayan an shiga ba, kuma haka ya kamata a ɗauke shi.

Zauren muhawarar ƙarami ne. Kujerun gwamnati da na adawa na fuskantar juna, kakakin majalisa a kai, bisa al'adar da aka gada daga Birtaniya. Tsarin ya dace da siyasar ƙasar, inda jam'iyyu biyu, Labour da Nationalist, suka mamaye majalisa shekaru da dama.

Maganar kuɗi

Da aka sanar da aikin an ce zai ci Yuro miliyan 80. Da aka kammala ya haura miliyan 90. An sa ran gamawa a ƙarshen 2012, amma aka yi ta ɗage ranar har zuwa 2015. A ƙidayar 2011 mutanen Malta kusan dubu 417 ne, don haka idan aka raba kuɗin, kowane mutum, har jariri, ya tashi da sama da Yuro 200.

Ruwa ba ya tsami banza. An sanar da aikin ne ana tsakiyar rikicin tattalin arzikin duniya da ya ɓarke a 2008, a daidai lokacin da gwamnati ta ƙara kuɗin wuta da ruwa, kuma rinjayenta a majalisa kujera ɗaya ce tak. Jam'iyyar Labour ƙarƙashin Joseph Muscat ta riƙa tambaya: ya za a ce wa magidanci ya ɗaure ciki, sannan a gina wa 'yan siyasa fada? Wani abin da ya ƙara wa tambayar kaifi shi ne 'yan majalisar Malta, in ban da ministoci, ba aikin cikakken lokaci suke yi ba. Lauyoyi ne da likitoci da malamai da ke sana'arsu da rana, galibi su zo zama da yamma, kwana uku a mako.

Amsar gwamnatin Gonzi ita ce aikin jari ne. Zai samar da ayyukan yi a lokacin da kasuwa ta tsaya, zai farfaɗo da birnin da mazauna ke ta ƙaura daga cikinsa, zai ƙara jawo masu yawon buɗe ido waɗanda tattalin arzikin ƙasar ya dogara da su, kuma zai 'yantar da fadar ta zama gidan tarihi sosai.

Hanyar da aka bi wajen biyan kuɗin ita ce ɓangaren da mutane da yawa ba su sani ba. A 2011 gwamnati ta kafa wani kamfani mai suna Malita Investments, wanda ita ke da mafi yawan hannun jarinsa. Aka miƙa masa haƙƙin karɓar kuɗin hayar filayen da filin jirgin saman ƙasar da tashar jiragen ruwan yawon shaƙatawa ke kai. Da wannan ya sayar da hannun jari ga jama'a, ya ci bashi, ya ɗauki nauyin ginin majalisa da gidan wasan, gwamnati kuma take biyan sa haya duk shekara. Masu goyon baya sun ce dabara ce da ta hana aikin cinye kasafin shekara ɗaya ko biyu. Masu suka sun ce hanya ce ta ɓoye bashi daga littafin gwamnati. Duk wanda aka bi, sakamakon ga mai biyan haraji ɗaya ne: bai biya a dunƙule ba, yana biya a hankali na tsawon shekaru.

A Maris 2013 Labour ta ci zaɓe da tazarar ƙuri'u kusan dubu 35, kuma rage kuɗin wuta na cikin manyan alkawuranta. Zai zama wuce gona da iri a ce ginin ne ya kayar da Gonzi, domin dalilan sun fi haka yawa. Amma ya zama misalin da 'yan adawa ke nunawa da yatsa. Da suka hau, aikin ya yi nisan da ba a iya juyawa, sai suka ƙarasa shi.

Sabo a cikin tsoho

Jayayya kan kamannin ginin ta raba har masu kare kayan tarihi. Ɓangare ɗaya na ganin Valletta birni ne mai salon gini na ƙarni na 16 zuwa na 18, kuma abin da yaƙi ya rusa kamata ya yi a mayar da shi yadda yake, kamar yadda wasu biranen Turai suka yi. A wurinsu, birni mai ganuwa da ba shi da ƙofa sai tsaga ya rasa wani abu daga mutuncinsa. Wasu ma sun yi gargaɗin UNESCO na iya cire birnin daga jerinta, abin da bai faru ba.

Ɗaya ɓangaren na cewa kwaikwayon tsohon gini yaudarar ido ce, domin jikoki ba za su iya bambance na gaske da na jabu ba. Sun kuma tuna cewa gidan wasan Barry da ake kuka a kansa, shi ma baƙon salo ne da Turawan mulki suka kawo a zamaninsa. Abin da ake buƙata daga sabon gini, a ganinsu, shi ne ya girmama maƙwabtansa ta fuskar dutse da tsayi da layin titi, ya kuma bayyana shekarunsa ba tare da ɓoyewa ba.

Idan aka auna da abin da ya biyo baya, ɓangare na biyu ya fi samun gaskiya kan majalisar da ƙofar. Mashigar ta zama wurin da jama'a ke zama da yamma, an gyara maɓuɓɓugar Triton da ke waje, an kawar da motocin bas da a da ke zagaye ta, kuma birnin ya karɓi baƙuncin shekarar al'adun Turai a 2018 da sabuwar fuska. Kan gidan wasan kuwa, wanda aka buɗe a Agustan 2013, ƙorafin mawaƙa da 'yan wasa bai rasa tushe ba. Dandali marar rufi ba ya aiki idan ana ruwa ko iska, hayaniyar gari na shigowa, sautin wasan kuma na damun maƙwabta. Shi ya sa maganar yi masa rufi ba ta mutu ba.

Abin da ya shafi mutanen gari

A saman tsohuwar ƙofa akwai titin mota da ke haɗa gefe biyu na birnin. Rushe ƙofar ya yanke shi, dole mazauna wasu unguwanni suka koma zagaye. Masu shagunan Dandalin 'Yanci sun tashi, wuraren ajiye motoci sun ragu, raye-rayen kaniba sun koma wani dandali. A farkon 2015 gwamnati ta shirya kawo 'yan kasuwar tebur na birnin titin da ke gefen majalisar. Aka yi ta ce-ce-ku-ce kan ko rumfunan tufafi sun dace da jikin irin wannan gini, har gwamnati ta ja da baya. A wannan rigima kowa na da abin faɗa: masu zane na kare aikin da aka kashe wa miliyoyi, 'yan kasuwa na neman inda ƙafa ta fi yawa.

Amma babban gwajin ginin shi ne alkawarin buɗewa. Ba a daɗe da shiga ba aka jera shingayen ƙarfe na 'yan sanda a gefensa saboda dalilan tsaro, kuma aka shafe shekaru ana muhawara kan cire su ko maye gurbinsu da wani abu na dindindin. Hawan ƙasa da aka yi da gilashi domin jama'a su kusanto, sai ya zama abin da ake kallo daga bayan shinge. Hujjar jami'an tsaro ba ta banza ba ce, domin gini mai gilashi a bakin titin da dubban mutane ke bi kullum yana da wuyar karewa, kuma a waɗannan shekaru ne aka kai hare-hare a biranen Turai da dama. Sai dai tsadar da aka biya domin ɗaga dutsen sama a bar ƙasa a buɗe, an biya ta ne saboda wannan kusanci.

Duk da shingen, matsayin ginin ya canja yadda ake zanga-zanga a Malta. A tsohuwar fada, ɗan majalisa na shigewa cikin tsakar gida mai katanga. A nan kuwa ƙofar fitarsa na kan hanyar da kowa ke bi. An ga tasirin haka bayan kisan 'yar jarida Daphne Caruana Galizia, wadda bam ya tashi da motarta ranar 16 ga Oktoban 2017. Da binciken ya kai ga kama wani babban ɗan kasuwa a Nuwamban 2019, ya kuma taɓo mutanen da ke kusa da ofishin firaminista, dubban mutane suka riƙa taruwa a gaban majalisar dare bayan dare. 'Yan sanda suka faɗaɗa shingen har ya cinye yawancin dandalin. Ranar 2 ga Disamba masu zanga-zanga suka tare hanyoyin fita, 'yan majalisa suka kasa barin ginin na wani lokaci. Muscat ya riga ya sanar da cewa zai sauka, kuma a Janairun 2020 Robert Abela ya gaje shi.

A ɗaya gefen birnin, alkawarin da aka yi game da fadar ya cika. Bayan gyara mai tsawo an sake buɗe ta ga jama'a a farkon 2024, an mayar da makaman zaurensu na asali da majalisa ta riƙe kusan shekara 40.

Kujeru 65 da suka zama 79

Wata matsalar da ba ta cikin lissafi lokacin zane ita ce yawan masu zama. Tsarin zaɓen Malta ya raba ƙasar mazaɓu 13, kowace na fitar da wakilai biyar, jimla 65. Tsarin mulki ya tanadi ƙarin kujeru idan rabon kujerun bai yi daidai da rabon ƙuri'un jam'iyyu ba, shi ya sa majalisar da ta shiga ginin a 2015 ke da mutum 69.

A 2021 aka yi wa tsarin mulki gyara domin ƙara yawan mata. Idan jam'iyyu biyu ne kaɗai suka shiga majalisa, kuma jinsi ɗaya bai kai kashi 40 cikin 100 na kujeru ba, ana ƙara har kujeru 12 a raba su daidai tsakanin jam'iyyun biyu. A zaɓen 2022 aka fara aiki da shi: kujeru 65 na mazaɓu, biyu na daidaita ƙuri'u, 12 na mata, jimla 79, daga cikinsu 22 mata. Masu goyon bayan gyaran na nuna cewa Malta ta daɗe a ƙasan jerin ƙasashen Tarayyar Turai wajen wakilcin mata. Masu adawa da shi na cewa ya ƙara kumbura majalisar da, idan aka kwatanta da yawan jama'a, tana cikin mafi girma a Tarayyar, kuma ya rufe ƙofa ga matan da suka tsaya a ƙananan jam'iyyu.

Ga ginin, ma'anar ita ce ƙarin mutum goma a zauren da aka shiga da 69, da ƙarin buƙatar ofisoshi a wurin da ganuwa ta tare ta baya, titin Republic ta gaba, kangon gidan wasa ta gefe. An sa wa tanadin kujerun matan wa'adin shekara 20, kuma idan shawarar mayar da 'yan majalisa ma'aikatan cikakken lokaci, wadda ake ta tattaunawa a ƙasar, ta tabbata kafin nan, kowannensu zai buƙaci tebur da mataimaki da wurin ganawa da mutanen mazaɓarsa, a cikin ginin ko a wani gida na kusa.